An gayyace ka biki a tsohuwar fadar Sikotland? Ga yadda za ka shirya tafiya, masauki da yawon buɗe ido

Ɗan yayata da ke aiki a Birtaniya ne ya yi aure. An ɗaura a masallaci a Gilasgo, sai dangin amarya suka zaɓi a yi taron biki a wata tsohuwar fada ta dutse can arewacin Sikotland, irin wadda Turawa ke kira kasil. Mu shida muka tafi daga gida, har da Goggonmu mai shekara saba'in da ɗoriya. Mun ji daɗi ƙwarai, amma mun sha wuyar da ba ta zama dole ba, shi ya sa nake rubuta wannan.

A wurinmu biki ba ya ƙin baƙo. Ka zo da abokinka, a ƙara tabarma, a ƙara tuwo. A can komai a ƙidaye yake: kujera, faranti, gado, har gurbin zama a mota. Kuma yawancin fadojin da ake haya domin biki ba a cikin gari suke ba, a karkara suke, bakin tafki ko gindin dutse, nesa da tasha da shago. Don haka kada ka fara shiri daga filin jirgin Abuja. Ka fara daga ƙofar fadar, ka riƙa dawowa baya.

Mataki na farko: karanta katin da kyau, ka yi tambaya

Bikin Birtaniya yakan raba baƙi gida biyu. Akwai baƙin yini, waɗanda za su halarci komai har da cin abinci, akwai kuma baƙin dare da ke zuwa wajen bakwai da rabi na yamma domin shagali kawai. Ka tabbatar wane ne naka. Sunan da ke kan katin shi kaɗai aka gayyata. Idan ba a rubuta yara ba, sai ka tambaya kafin ka saya musu tikiti. Akwai ranar ƙarshe ta ba da amsa, kuma da gaske suke, domin da wannan lissafin ake biyan masu girki.

Kafin ka kashe ko sisi, ka tura wa ango ko amarya waɗannan tambayoyi. Mene ne cikakken adireshin fadar da lambar unguwarta, wato postcode, wadda ita ake sa wa a taswirar waya? Wace tashar jirgin ƙasa ce mafi kusa? Sun tanadi bas da zai kwashi baƙi ya mayar da su da dare? Ɗakunan cikin fadar na su wane ne? Amsar waɗannan huɗu ita za ta tsara maka sauran tafiyar.

Mataki na biyu: biza

Sikotland yanki ne na Birtaniya, saboda haka bizar Birtaniya kake nema. Bizar Shengen, wadda ake shiga yawancin ƙasashen Turai da ita, ba ta shiga da kai. Wadda ta dace da baƙon biki ita ce Standard Visitor, mai ba da damar zama har wata 6. Akwai wata mai suna Marriage Visitor da ke ruɗa mutane: wannan ta masu zuwa a ɗaura musu aure ce, ba ta 'yan rakiya ba.

Ana cike takardar a shafin gwamnati na gov.uk, kuma ba a karɓar nema sai saura wata 3 ko ƙasa da haka ga ranar tafiya. Ka nema a makon farko da ƙofar ta buɗe. A ƙa'ida amsa na fitowa cikin mako 3 bayan an ɗauki zanen yatsunka, amma lokacin bazararsu nema yana yawa. Kowane mutum da takardarsa, har jariri.

Abin da jami'in biza ke son gani biyu ne: kana da abin ɗaukar nauyin kanka, kuma kana da dalilin dawowa gida. Ka haɗa katin biki, wasiƙar mai gayyata da adireshinsa, bayanan asusunka na watannin baya, da shaidar aiki ko kasuwanci. Idan wani ne zai biya maka, a faɗa a fili, a sa takardunsa. Kada ka aro kuɗi ka zuba a asusu dare ɗaya don ya yi kauri. Kuɗin da ba a san asalinsa ba yana jawo ƙin biza fiye da ƙaramin kuɗin da aka san hanyarsa. Tikitin jirgin da ba a mayar da kuɗinsa kuwa, ka bari sai biza ta shigo hannu.

Mataki na uku: masauki, tun kafin tikitin jirgi

Nan mutane ke yin sake. Jirgi kullum akwai, amma ƙauyen da ke kusa da fada yana iya zama gadajen hayarsa duka ba su ishi baƙin biki ɗaya ba. Ranar da ka amsa gayyata, ranar za ka kama ɗaki, irin wanda ake sokewa kyauta idan biza ba ta fito ba.

Ɗakunan cikin fadar kan zama kaɗan, kuma iyayen ango da amarya ake fara ba wa. Idan an ba ku, ka tambayi hawa nawa ne. Ginin ɗaruruwan shekaru ne, sau da yawa babu lif, matakalar kuma siririya ce mai murɗewa kamar ta hasumiya. Dattijo mai ciwon gwiwa a nema masa ɗakin ƙasa.

A waje akwai ƙananan gidajen baƙi da ake kira B&B, inda mai gida ke ba ka ɗaki da karin kumallo. Amma ga iyali irin namu, ni dai shawarata a kama gida sukutum mai kicin. Za ku dafa abin da kuka saba, ku yi jam'i a falo, Goggo ta sha kununta da asuba ba tare da ta jira kowa ba. Ku yi cefane a Edinbara ko Gilasgo kafin ku nufi karkara, domin a can ne ake samun mahautan halal da shagunan kayan Afirka. A ƙauye ba lallai ka samu ba.

Ɗakin mutum biyu na mutum biyu ne, ba a ƙara na uku a ƙasa. Yawanci ana shiga daga ƙarfe uku ko huɗu na yamma, a fita kafin goma ko sha ɗaya na safe. Ƙananan masaukai ba su da mai tsaron kanta cikin dare, idan za ka makara ka sanar tun da rana. Ku tafi da ƙaramar buta, ba za ku tarar da ita a bayi ba. Sannan abu biyu da nake roƙon mata su kiyaye: turaren wuta yana tayar da ƙararrawar gobara, ya fito da duk mutanen gida waje cikin sanyi, ɗanyen lalle kuma idan ya taɓa farin zanen gado sai an biya. A sa lalle tun a gida, a wadatu da humra.

Idan bikin ya faɗo a watan Agusta, ka sani birnin Edinbara na cike maƙil saboda bukukuwan wasanni da ake yi duk shekara, kuɗin ɗaki na tashi sosai. Kwana a Gilasgo ko Stirling ka riƙa shigowa da jirgin ƙasa ya fi sauƙi. Daga kowannensu tafiyar kimanin awa ɗaya ce ko ƙasa.

Mataki na huɗu: hanya

Hanya biyu ce. Ko dai ka sauka Landan daga Abuja ko Legas, tafiyar awa shida da wani abu, ko ka bi ta Doha ko Istanbul ka sauka kai tsaye a Edinbara, wadda a tikiti za ka ga an rubuta Edinburgh. Ta biyun ta fi tsawo a sama, amma tana hutar da kai jan akwatuna a Landan. Ka yi hattara da tikiti mai araha da ke ratsawa ta Amsterdam, Paris ko Frankfurt: masu fasfon Najeriya da Gana suna cikin waɗanda ake nema wa bizar ratse a filayen jiragen Shengen, kuma tun ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai bizarta ba ta ɗauke maka wannan. Ka tantance da kamfanin jirgin kafin ka biya.

Idan Landan ka sauka, jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin Piccadilly yana ɗaukarka daga filin jirgin sama na Heathrow har tashar jirgin ƙasa ta King's Cross cikin kusan awa ɗaya. Daga nan zuwa tashar Waverley da ke tsakiyar Edinbara kimanin awa huɗu da rabi ne. Ka nemi kujerar gefen dama, bayan Newcastle za ka ga teku. Tikitin da aka saya tun da wuri ya fi araha nesa ba kusa ba, sai dai na jirgi ɗaya ne tak, idan ya wuce ka ya wuce, don haka ka bar tazara mai yawa bayan saukarka. Akwai kuma jirgin dare mai gadaje, Caledonian Sleeper, da ke tashi daga tashar Euston a Landan zuwa garuruwan Inverness, Aberdeen da Fort William na arewacin Sikotland, amma ba ya tafiya daren Asabar. Daga Edinbara zuwa Inverness wasu awa uku da rabi ne.

Yanzu ga inda muka sha wuya. Mun sauka a wata ƙaramar tasha wajen tara da rabi na dare, gari da haske kamar bayan la'asar. Jirgin ya wuce, muka duba, babu ma'aikaci, babu shago, babu mota ko ɗaya. Manhajar kiran tasi ta nuna babu direba a yankin. Lambar da aka liƙa a allo muka kira, matar ta ce motarsu ɗaya ce kuma an kama ta tun makon jiya. Goggo ta zauna a kan akwati, ta ja mayafi ta rufe kunnuwa, ba ta ce komai ba sai jan carbi. Kawun amarya ne ya baro baƙinsa ya yi tuƙin minti arba'in ya zo ya ɗauke mu, sawu biyu. A karkarar Sikotland tasi kama shi ake yi da kwanaki, da suna da lokaci. Ka kama na zuwa, ka kama na dawowa daga biki da tsakar dare, ka sake kira ana gobe ka tabbatar.

Mai son hayar mota ya tuna a hagu ake tuƙi, yadda muke yi kafin 1972. Yawancin motocin haya masu giyar hannu ne, idan atomatik kake so ka faɗa tun wajen kamawa. Alamomin hanya da mil suke, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne. A tsaunuka akwai hanyoyi masu faɗin mota ɗaya, da 'yan wuraren rakuɓewa jefi-jefi: idan wurin yana hagunka ka shiga, idan yana dama ka tsaya daura da shi mai zuwa ya shiga. Tumaki na kwanciya a kan kwalta, barewa na tsallakowa da magariba. Kada ka sauka daga jirgin dare ka kama sitiyari a ranar. Kuma ka isa yankin da kwana ɗaya cur kafin biki.

Mataki na biyar: abin da za a sa a akwati, da abin da za a bari

Kilishi, dambun nama, man shanu, duk wani nama ko kayan nono, an hana shiga da su Birtaniya daga ƙasashenmu. Na san zuciya na son kai wa ango kilishin gida, amma ƙwacewa za a yi, a iya cin tararka. Magani kuwa a bar shi a kwalinsa tare da takardar likita, musamman irin su tiramadol da kodin da doka ke sa wa ido. Tsabar kuɗin da ta kai fam 10,000 dole a bayyana ta.

Idan za ka sayi fam a wurin 'yan canji, ka duba su zama na leda. Tsofaffin fam 20 da fam 50 na takarda sun daina aiki a shaguna tun ƙarshen Satumba 2022. Yawancin biya ma da kati ake yi, saboda haka ka tabbatar da bankinka cewa katinka zai yi aiki a waje. Soket irin namu ne mai baki uku, cajarka za ta shiga.

Zancen sutura kuma, tsakiyar bazararsu kamar safiyar hunturunmu take, ga ruwa da ke sauka ba sallama. Bangon dutse na riƙe sanyi ko da rana ta fito. Ka sa babbar rigarka, ki sa leshinki, za su yi kyau ƙwarai a wannan wuri, dangin amarya ma sun yi ta neman hoto da mu. Amma a sa rigar ɗumi mai kama jiki daga ciki, a riƙe mayafi mai kauri da rigar ruwa. Takalmi mai tsini ba ya jituwa da daɓen duwatsu da jiƙaƙƙiyar ciyawa. Mace ta guji fari fat, a al'adarsu na amarya ne. Daga ƙarshen Mayu zuwa Satumba kuma, musamman a yamma da tsaunuka, akwai wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari masu cizo da ke fitowa da yamma idan iska ta kwanta. Ba sa sa zazzaɓi, amma suna hana sakat. Ana sayar da maganin shafawarsu a shagunan can.

Mataki na shida: ranar biki

Idan an ce ƙarfe biyu, to biyu saura rabin awa kana zaune. Mai bushe-bushe sanye da kilt zai tarbe ku da wata algaita mai jaka, sautinta na ratsa jiki kamar na algaitar fada ranar hawa. Kilt ɗin nan da maza ke ɗaurawa tufar girma ce, zanenta kan nuna zuriyar mutum, a girmama ta. Bayan ɗan taƙaitaccen taro za a fita hotuna da shaye-shaye, sannan a zauna cin abinci, kowa da sunansa a kan teburi. Kada ka sauya wuri, da wannan tsarin masu rabo ke gane farantin kowa.

Tun wajen amsa gayyata ake tambayar abin da ba ka ci. Kada kunya ta hana ka rubutawa: halal, ko kifi, ko na ganye, kuma ban da giya a miya da kayan zaƙi. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, domin ana zuba wiski a wasu miyoyin nama da kuma wani kayan zaƙi mai suna cranachan. Haggis kayan cikin tunkiya ne da hatsin oat, ba yankanmu ba ne sai an faɗa, amma akwai na ganye. Baƙin abin nan mai kama da yankan tsiran Turawa da ake sa wa a karin kumallo, black pudding, da jini ake yin sa. Lokacin ɗaga kofi domin taya murna, ka nemi lemo, babu mai kallonka.

Da dare sai rawar gargajiya da suke kira keli, ana rubuta ta ceilidh. Maza da mata ke riƙe hannu suna juyawa suna sauya abokin rawa. Wanda bai so ya zauna ya yi tafi, ba laifi ba ne. Liƙi kuwa ba su san shi ba, ka tambayi ango tukuna. Yawanci akwai akwatin da ake jefa kati da gudummawa.

Salla na buƙatar shiri na musamman. A watan Yuni rana na fitowa kafin huɗu da rabi na asuba, ba ta faɗuwa sai wajen goma na dare, shafaƙi kuma ba ya ɓacewa gaba ɗaya, don haka lokacin lisha ƙiyasta shi ake yi. A Disamba kuwa kafin huɗu na yamma an yi magariba. Ka sauke jadawalin masallacin da ya fi kusa ka bi shi. Alƙibla kudu maso gabas take. Mu mun roƙi mai kula da taron tun da safe, ta buɗe mana wani ɗakin karatu mai tagogi dogaye, muka shimfiɗa darduma tsakanin kantocin littattafai muka yi azahar da la'asar, ana jiyo algaitar daga farfajiya.

Mataki na bakwai: yawon buɗe ido

Tunda an sha wannan nisa, a ƙara kwana biyu ko uku, amma bayan biki, lokacin da hankali ya kwanta. Kada a ce sai an ga komai. Taswira na nuna wurare kusa-kusa, hanyoyin tsauni kuwa cin lokaci suke.

Idan kwana ɗaya gare ka, ka ba Edinbara. Fadarta na kan wani dutse da asalinsa mai aman wuta ne, ana hango ta daga ko'ina. Ka sayi tikiti ta intanet, ka shiga da safe. A ciki akwai kambin sarautar Sikotland da sandarta da takobinta, da ɗan ƙaramin cocin Margaret na ƙarni na 12, gini mafi tsufa a birnin. Ƙarfe ɗaya daidai ake harba igwa, al'adar da aka fara a 1861 domin jiragen ruwa su saita agogo. Ba a yi ranar Lahadi. Ka gaya wa tsofaffi tun kafin lokacin, ƙarar ba kaɗan ba ce. Daga nan ka gangara titin Royal Mile har fadar Holyrood. Gidan tarihi na ƙasa da ke titin Chambers kyauta ne, a nan aka ajiye tunkiyar nan Dolly da masana suka kwafa daga ƙwayar halitta a 1996. 'Yan taku kaɗan daga nan sai babban masallacin birnin a Potterrow, wanda aka buɗe a 1998, kewaye da gidajen abinci na halal. Mai ƙarfin ƙafa ya hau dutsen Arthur's Seat, mita 251, ya ga birni da teku a ƙasansa.

Stirling na da fadar da ni ta fi burge ni, ga sarari, ga ƙarancin turmutsutsu, kuma a kusa da ita aka gwabza yaƙin Bannockburn tsakanin Sikotland da Ingila a 1314. Idan bikin a arewa yake, daga Inverness ana zuwa kangon fadar Urquhart a bakin tafkin Loch Ness. Can yamma kuma akwai Eilean Donan, wadda ke kan ɗan tsibiri da gadar dutse: an rushe ta a 1719, aka sake gina ta tsakanin 1912 da 1932. Jirgin ƙasan Inverness zuwa Kyle of Lochalsh na kai ka kusa da ita, sai dai sawunsa kaɗan ne a rana, ranar Lahadi ma ya fi ƙaranci.

Mai sha'awar tarihinmu kuma, a kudancin ƙasar kusa da iyakar Ingila akwai garin Annan, mahaifar Hugh Clapperton, Baturen da ya shigo Kano a 1824, ya je Sakkwato ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya sake dawowa ya rasu a can a 1827.

A kwanan ƙarshe a kwana kusa da filin jirgin da za a tashi, kada a taso daga karkara a ranar. Daga tsakiyar Edinbara taragon lantarki na kai ka filin jirgi cikin kimanin rabin awa. Ka kuma duba aljihunka: bankuna uku na Sikotland na buga nasu takardun fam, darajarsu ɗaya da na Ingila, amma canza su a gida wahala ne. Ka kashe su a can, ko ka roƙi mai shago ya ba ka canji da na Bankin Ingila.